Kife Littafin Ka Faɗa Mini

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida mutanen Jigwada manya da yara, ina gaida na Tudun Kofa da Liman Abaji da Gangaren Tudu da Sabon Gari. Gaisuwa ta musamman kuma ga ɗaliban da suka cika ɗakunan haya na Angwan Lambu, waɗanda wataƙila yanzu haka tukunyar taliya na kan risho, rediyo na gefe. Shirin yau naku ne. Duk wanda ke da takarda da biro a kusa ya jawo su, akwai ɗan aikin da za mu yi tare. Direban da ke kan hanyar Akwanga ko ta Abuja, kai dai riƙe sitiyarinka, kunne ya ishe ka.

Keffi garin karatu ne tun ba yau ba. Kwalejin Gwamnati, wadda aka kafa a 1949, tana nan, kuma a cikinta marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare. Jami'ar Jihar Nasarawa, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta fara aiki a 2002, yau ga ta a ƙofar gidanmu. Wanda bai samu gurbi a nan ba yana Kwalejin Ilimi ta Akwanga, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin Nasarawa, ko Jami'ar Tarayya ta Lafiya. Samun gurbin shi ne abin da iyaye ke yi wa addu'a. Abin da ke biyo bayan samun gurbin kuwa, ba kasafai ake zancensa a gida ba.

Yaron da ya fito daga sakandare ya saba da abu guda: malami ya cika allo da rubutu, a kwafa, ran Juma'a a karɓi littattafai a duba. Ranar da ya shiga ɗakin lakca sai ya tarar da mutum ɗaruruwa, lakcara ya shigo, ya yi magana ta awa 2, ya tattara takardunsa ya fita. Ba wanda zai tambaye shi ko ya rubuta wani abu. To sai ya yi abin da ya iya, wato ya duƙa yana ƙoƙarin kama kowace kalma. Nan matsalar take farawa. Mai magana yakan furta kalma 120 zuwa 150 a minti guda, hannu kuwa da ƙyar yake rubuta 30. Wanda ya ce sai ya rubuta duk abin da aka faɗa, an tsere masa tun a jimla ta uku, kuma ba rubutun kaɗai ya rasa ba, har da fahimtar, domin hankalinsa na kan bakin biro.

Bari mu gwada. Zan yi muku lakca ta minti guda a kan tarihin garinmu. Ku rubuta yadda kuka saba.

A farkon ƙarni na 20 Keffi tana ƙarƙashin Zazzau, kuma wakilin Sarkin Zazzau a garin, mai faɗa a ji, shi ne Magaji Ɗan Yamusa. Turawan Ingila a ƙarƙashin Lugga suka turo jami'insu, Kyaftin Moloney, ya zauna a Keffi. A watan Oktoba na 1902 aka yi arangama, Magaji ya kashe Moloney. Daga nan ya bar gari ya nufi Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya riƙe wannan tarba a matsayin ɗaya daga cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a Maris. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, kuma a Burmi, a watan Yulin wannan shekara, aka kashe su a gwabzawar ƙarshe.

Lakca ta ƙare. Duba takardarka. Idan abin da ke kai shi ne "A farkon ƙarni na 20 Keffi tana ƙarƙashin Zazzau, kuma wakilin", sannan wani dogon fili, sannan "Burmi", to kai ne mutumin da nake magana a kai, kuma kada ka ji kunya, kuna da yawa. Wanda ya ƙware ba zai wuce layi 4 ba. Zai rubuta Magaji, wakilin Zazzau. Ƙasa da shi, Oktoba 1902, Moloney. Sai ya ja kibiya zuwa Kano, Alu ya karɓa. Wata kibiyar zuwa hujjar Lugga. Wata zuwa Kano wata na 2, Sakkwato wata na 3, Burmi wata na 7. Kalmomin ba su kai 30 ba, amma kibiyoyin nan sun riƙe abin da ya fi kowace kalma muhimmanci, wato yadda wannan ya jawo wancan. Kafin mutum ya ja kibiya sai ya fahimci alaƙar, shi ya sa mai rubuta kaɗan yakan fita daga aji da abin da ya fi na mai rubuta shafi 6.

Yanzu ku kife takardar, ku ɗora mata wani abu. Kada wanda ya leƙa sai na ce.

A ɗakin lakca kunne ya fi hannu aiki. Kowane malami yana nuna abin da ya ɗauka da muhimmanci, ko da bai sani ba. Idan ya rage gudu, ko ya maimaita magana, ko ya juya ya rubuta kalma a allo, ko ya ce dalilan nan guda 3 ne, to nan ne wurin biro. Ma'anar kalmar fanni, da ƙa'idar lissafi, da shekara, da lambar sashen doka, waɗannan a rubuta su daidai yadda aka faɗa, ba ragi. Labarin da ya ɗauko na zamanin da yake hidimar ƙasa kuwa, a ji a yi dariya, kalma ɗaya ta isa ta tuna maka da shi. In wani abu ya wuce ka, kada ka tsaya kana zungurar na kusa da kai, ja layi ka bar fili ka ci gaba, bayan an tashi ka cike. Kowane kwas da littafinsa, kowane shafi da kwanan wata a samansa. Waɗannan takardun warwatse da ake cusawa a aljihun jaka, ranar da aka neme su sai a tarar an ƙunshe gyaɗa da rabinsu.

Akwai wani tsarin shafi da wani malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, Walter Pauk, ya fito da shi tun shekarun 1950, har yau kuma ban ga wanda ya fi shi sauƙi da arha ba. Kafin a fara lakca, ja layi daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu, ka bar fili kamar faɗin yatsu 3. A ƙasan shafi ja wani layin a kwance, ka bar wurin layi 4 ko 5. A babban filin da ke dama kake rubutu lokacin lakca. Gefen hagu da ƙasa kuwa ba a taɓa su a aji. Sai ka koma ɗaki, a wannan ranar, ka karanta abin da ka rubuta, ka mayar da kowane yanki tambaya, ka ajiye tambayar a hagu daidai da amsarta. A lakcarmu ta ɗazu, tambayar hagu ba za ta tsaya a kan wace shekara aka kashe Moloney ba. Za ta ce: me ya haɗa abin da ya faru a Keffi da faɗuwar Kano? Irin wannan ita ce lakcara ke kawowa da maki 15. A ƙasan shafi kuma ka rubuta jimla 2 ko 3 da bakinka, kamar kana ba ƙaninka labarin abin da shafin ya ƙunsa. Daga ranar, littafin ya zama mai yi maka jarabawa: ka rufe dama da tafin hannu, ka karanta tambayar hagu, ka amsa da baki, sannan ka ɗaga hannu ka duba.

Zan ɗan tsaya a kan harshe, domin a nan ne da yawa daga cikin 'ya'yanmu ke shan wahala a ɓoye. Da Turanci ake lakca, da Turanci ake jarabawa, amma ɗalibin da ya taso daga Jigwada da Hausa yake tunani, wani da Gwandara, wani da Gbagyi ko Eggon ko Mada ko Fulatanci. Wasu suna jin kamar abin kunya ne a ga Hausa a littafinsu na jami'a. Ni ban ga kunyar ba. Kalmar fanni ka bar ta da Turancinta, ka iya rubuta ta harafi da harafi, tunda ita mai duba takarda zai nema. Amma wannan taƙaitawar ta ƙasan shafi, yi ta da harshen da kake mafarki da shi. In ka kasa bayyana abu da harshen uwarka, mai yiwuwa sautin Turancin ka haddace, ma'anar ba ta shiga ba tukuna. Malamanmu na zaure sun riga mu. Ɗauki tsohon kwafin Ahlari ko Ishmawi ko Risala na wani ɗalibin ilimi ka buɗe, za ka ga ƙananan rubutun ajami a tsakanin layuka da gefen shafi, inda ya kama fassarar malaminsa da harshensa. Larabcin yana nan ba a taɓa shi ba, fahimtar kuma tana gefe.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare, muna magana a kan rubutun lakca da yadda karatu ke zama a kai.

Sai batun waya. Yanzu da lakcara ya cika allo, ko ya haska majigi, sai ka ga hannuwa sun tashi sama, ƙyas, ƙyas, an ɗauki hoto, an mayar aljihu. Zuwa ƙarshen zango mutum yana da hotuna ɗaruruwa a cakuɗe da na biki da na suna, bai buɗe ko goma ba. Wata mai bincike a Amurka, Linda Henkel, ta wallafa wani gwaji a 2014: ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, wasu kayan ta ce su kalla kawai, wasu ta ce su ɗauki hotonsu. Da aka tambaye su washegari, kayan da suka ɗauka a hoto su ne suka fi mantawa. Da zarar zuciya ta san an ajiye abu a wani wuri, sai ta saki. Ban ce a daina ɗaukar hoton zane mai wuyar kwafa ba, amma a daren nan a zauna a mayar da shi littafi da hannu. A wannan shekarar ta 2014 ma wasu masu bincike biyu, Mueller da Oppenheimer, suka ruwaito cewa masu rubutu da biro sun fi masu bugawa a kwamfuta amsa tambayoyin fahimta. Waɗanda suka sake gwajin daga baya ba duka suka samu bambanci mai yawa ba, don haka ba zan ce kwamfuta ce mai laifi ba. Laifin na kwafar magana kalma da kalma ne, ko da me aka yi ta.

Haka batun handawut da fotokwafin littafin gwanin aji, da takardun da ake turowa a zauren WhatsApp. Ku karɓa, suna da amfani. Sai dai ku sani, ribar da gwanin nan ya samu a wurin tsara rubutun ya same ta, lokacin da yake zaɓen abin da zai shiga da abin da zai bari. Injin fotokwafi ba ya kwafo wannan. In ka karɓi handawut, yi masa abin da za ka yi wa lakca: matse shi a shafinka, fitar da tambayoyinsa a hagu.

Me ya sa nake ta nanata a wannan ranar, a wannan daren? Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, sannan ya auna wahalar da zai sha kafin ya dawo da haddar. Bayan awa 1 kacal, sai ya sake kashe fiye da rabin lokacin da ya kashe da farko. Bayan kwana 1, kusan kashi 2 cikin 3. Daga nan kuma zubewar takan lafa. Abu mai ma'ana ba ya gudu da sauri haka, amma yanayin ɗaya ne: ɓarnar mantuwa a farko take. Minti 15 da za ka ba rubutunka yau, lokacin da muryar malamin ke kunnenka, sun fi awa 2 da za ka ba shi bayan wata guda kana tambayar kanka wai me nake nufi a nan.

To, a dawo kan takardar da aka kife. Kada a buɗe. Amsa mini da baki, ko kana ɗaki kai kaɗai: wa Magaji Ɗan Yamusa yake wakilta a Keffi? Ina ya nufa bayan abin da ya faru, wa ya karɓe shi? Ta yaya wannan ya shafi Kano? A ina aka ƙare, a wane wata?

Na ba ku daƙiƙa 20.

(Shiru na ɗan lokaci, da kiɗa ƙasa-ƙasa)

Yanzu a buɗe a duba. Wani ya kawo duka, wani ya tsaya a kan sunan Sarkin Kano yana ta lalube, yana cewa yana bakina. Wannan laluben da ka ji yana maka ciwo, shi ne karatun. Abin da ka sha wuya ka tono, ko da ka kasa sai da ka duba, ya fi zama a kai fiye da wanda ka bi da ido sau 5.

Yawancin ɗalibanmu ba haka suke yi ba. Sukan buɗe littafi su karanta, su koma farko su sake, su ja layi da jan biro, su shafa alkalami mai launi har shafin ya koma ruwan ɗorawa. A karo na huɗu komai ya zama sananne, zuciya ta ce ai na iya. Wannan irin sanin da kake yi wa wata fuska ce a kasuwar Keffi: kana ganinta ka san ka santa, amma a ce faɗi sunan mai ita, sai ka tsaya kana sosa ƙeya. Ranar jarabawa kuwa suna ake tambaya, fuskar ma ba za a nuna maka ba.

An auna wannan. A 2006, Roediger da Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Rukuni ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi a zama 4. Ɗaya rukunin zama 1 suka yi suna karantawa, sauran zama 3 aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin 100, masu tunowa 71. Bayan mako 1 sai labari ya juye: masu maimaitawa suka faɗo zuwa 40, masu tunowa suna kan 61. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu maimaitawar su ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka tace binciken da aka yi a kan dabarun karatu guda 10. Biyu ne suka fito a sahun gaba: yi wa kai jarabawa, da rarraba karatu a kwanaki. Ja wa rubutu layi da maimaita karantawa suna cikin na ƙasa.

Duk wanda ya zauna a tsangaya zai yi murmushi da jin wannan. Mai hadda ba ya wanke allonsa don ya kalle shi sau ɗari. Sai ya kife allon ya kawo da ka a gaban malam, in ya yi tuntuɓe a gyara masa, ya koma ya sake. Bayan ya wuce wurin kuma ba a barinsa ya yi sallama da shi, kullum akwai tilawar baya, ana komawa kan abin da aka haddace watanni da suka shige. Da wannan hanya ake samun alaramman da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani cikakke ba tare da ya duba ba. Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a haddace handawut a juye wa lakcara kamar aku ba, jami'a tana son ka bayyana, ka kwatanta, ka kawo hujja. Abin da za a ɗauko daga tsangaya shi ne kife allo da komawa baya. Abin takaici ne a ga yaron da ya yi wannan horo tun yana ɗan shekara 7 ya shiga jami'a ya ajiye shi a bakin get, yana ganin na gargajiya ne.

Yadda za a tsara komawar ba wuya. Shafin da ka rubuta yau, ka yi masa tambayoyi yau. Ka dawo kansa bayan kwana 2 ko 3, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Kowace komawa hannu na rufe da amsa. Masu kwasa-kwasan da ke da tarin sunaye, kamar ɗaliban kiwon lafiya da na shari'a da na kimiyyar halittu, ga wata dabara da wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa a 1972. Yanka kwali ƙanana-ƙanana, na sukari ma ya yi. Tambaya a gaba, amsa a baya. Nemi ambulan 3. Duk katin da ka ci ya matsa ambulan ta gaba, wadda ba a buɗewa sai bayan kwanaki. Wanda ka faɗi ya dawo ta farko, wadda ake buɗewa kullum. Ta haka lokacinka zai tafi a kan abin da ke ba ka wuya. Katunan nan suna shiga aljihu. Ƙanwata da ke hawa Keke daga Jigwada zuwa makaranta kullum, zaman jiran fasinja ya cika kaɗai ya ishe ki ki juya kati 10.

Masu lissafi da kimiyyar lissafi da akanta, naku ya ɗan bambanta. Kallon misalin da malami ya warware ba ya koya wa hannu komai. Rufe warwarar, kwafi tambayar a sabuwar takarda, ka yi da kanka har inda ka maƙale. Wurin da ka maƙale shi ne darasinka na ranar.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu: Malam, mu sai an kafe jadawalin jarabawa muke farawa, mu kwana a aji, TDB, da goro da Nescafé. Na ga masu yi, kuma wani lokaci sukan tsallake da C. Amma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka zuba mata da rana, wanda ya hana ta barci ya hana ta wannan aikin. Zai shiga ɗakin jarabawa ido ja, ya juye abin da ya saura, bayan mako 2 ko taken kwas ɗin sai ya yi tunani. A aji na gaba kuma a ɗora masa sabon gini a kan wannan ramin. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma halin da karatu ke ciki a ƙasar nan: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma duk lokacin da aka dawo daga irin wannan sai a matse zango, a haɗa lakcoci da gwaji da jarabawa a 'yan makonni. A irin wannan guguwa, mai littafi da tambayoyi a gefen hagu shi ne ke da abin kamawa.

Ku riƙa duba nauyin kwas kafin ku raba lokaci. A tsarin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke bi, A tana farawa daga 70. A a kwas mai yunit 3 maki 15 ne, a mai yunit 1 kuwa maki 5. F a mai yunit 3 sifili ce da za ta ja sakamakonka ƙasa, ga keri-oba tana jiranka baɗi. Sannan maki 30 ko 40 na gwaji da aikin gida ana tara su ne tun tsakiyar zango, lokacin da masu jiran jadawali ba su ma sayi littafi ba.

Zama kaɗan mai nutsuwa ya fi dogon zama da waya a hannu. Wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, ya shahara da tsarin minti 25 na aiki, minti 5 na hutu. Ba dole sai 25 ba, abin nema shi ne a san farkon zaman da ƙarshensa, wayar kuma tana cikin jaka a kashe. Ga wanda zai iya, bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi lokaci ne mai albarka, ba ya buƙatar a jira a kawo wuta.

Karatun rukuni kuma, mutum 3 ko 4 sun isa, kowa ya zo da tambayoyi 5 daga gefen hagunsa, a rufe littattafai, a yi ta jefa wa juna. Tsofaffin tambayoyin jarabawa a amsa su a rubuce, da agogo a gaba, kafin a duba amsa. Wannan tutoriyal da mutum ɗaya ke tsaye yana bayani, hamsin na zaune suna gyaɗa kai, wanda ya fi kowa cin ribarsa shi ne na tsayen. In kana son ribar, nemi a ba ka alli ko na minti 10 ne.

Saura iyaye, musamman na Jigwada da kewaye da 'ya'yansu ke zuwa makaranta daga gida. Baba, Inna, yarinyar nan da ta dawo daga lakca da la'asar, in ta ajiye jaka ta shiga girki, daga nan wanke-wanke, daga nan raino, to shafin da ta rubuta yau ya kwana ba a duba shi ba, kuma kun ji abin da kwana ɗaya ke yi. Ba a ce ta daina aikin gida ba. A yanke mata awa 2 da kowa a gidan ya san nata ne, ba aike, ba kira. Haka saurayin da ke taimakawa a gona da damina. A samar musu da fitila mai caji da hasken rana. Kuma ko ba ku yi boko ba akwai abin da za ku iya wanda ya fi sayen handawut: bayan an ci tuwon dare, ku ce, 'yar nan, ajiye littafin, faɗa mana da Hausa abin da aka koya muku yau. In ta yi bayani kun gane, ta iya. In ta tsaya tana in-ina, ku bar ta ta je ta duba ta dawo ta ƙarasa.

Lokaci ya cim mana. Takardar Magaji Ɗan Yamusa kada a yar, a ajiye ta a kife, mako mai zuwa da tambayoyinta za mu buɗe shiri kafin mu shiga yadda ake karanta tambayar jarabawa da raba mata lokaci. A madadin waɗanda suka haɗa sauti, nake cewa mu kwana lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)